Layuka biyu ba su yi saiti ba, titin kuma hannu ɗaya ne: ta ina za a tsallaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana yana wani layi da ke fitowa kan titi mai hannu ɗaya, shagona kuma yana layin da ke ɗaya gefen titin. Bakin layukan biyu ba su kalli juna ba, ɗaya ya goce da kamar mita 15. Kullum da safe nakan tsallaka a mota gaban jami'an hanya, ba wanda ke ce mini komai. Da yamma kuwa ina dawowa ta nan ɗin dai aka tare ni, wai na yi wanwe. Ni a ganina tsallaka titi na yi, ban bi shi ba. Mene ne hukuncin irin wannan mahaɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jami'in da ya ƙyale ka da safe ya yi daidai, wanda ya tare ka da yamma shi ma ya yi daidai. Duk inda layuka biyu suka goce wa juna a kan titi mai hannu ɗaya, tsallakawa ta fuska ɗaya ce kawai take halatta. Wanda ke zuwa ya samu hanya, wanda ke dawowa bai samu ba. Ba son ran kowa ba ne, yanayin wurin ne ya hukunta haka, kuma da ka zana shi a ƙasa da tsinke za ka gani da idonka.

Mu ɗauka motoci a titin daga gabas suke tahowa suna yin yamma. Layin gidanku yana gefen arewa, layin shago yana gefen kudu, kuma bakin layin shagon ya fi naku matsawa yamma da mita 15. Da safe ka fito daga arewa kana fuskantar kudu. Ka karya dama, ka shiga sahun motoci kuna yin yamma tare, ka yi mita 15, ka karya hagu ka faɗa layin shago. Ko taku ɗaya ba ka yi gaba da gaba da kowa ba. Da yamma ka fito daga kudu kana fuskantar arewa, bakin layinku yanzu yana hannun damanka, wato gabas, inda motoci ke fitowa. Babu yadda za ka isa gare shi sai hancin motarka ya kalli gabas. Ko ka yi kwana biyu cikakku, ko ka yanke a karkace kamar yadda yawancin mutane ke yi, mita 15 ɗin nan a kan hannun da ba naka ba ka yi su. Doka ba ta ware wani tsawo da aka yafe ba. Ba a ce mita 5 ba komai, mita 50 ne laifi ba. Abin da ake dubawa shi ne ina ka fuskanta a kan kwaltar, ba nisan da ka ci ba.

Shi ya sa maganar "tsallakawa na yi" ba ta tsayawa. Mahaɗar da ta goce ba mahaɗa ɗaya ba ce mai ƙafa huɗu, mahaɗa biyu ce masu ƙafa uku-uku da suka zauna kusa da juna, ɗan guntun titin da ke tsakaninsu kuma titi ne cikakke, da hukuncinsa irin na sauran titin. Mai fitowa daga layi yana yin abu biyu daban: ya shiga babban titi, sannan ya fita daga babban titi. Kowanne da siginarsa, kowanne da dubawarsa.

Akwai inda ake ɗaukar wurin a matsayin mahaɗa ɗaya, kuma ya kamata ka san su don kada ka yi ta zagaye inda ba a buƙata. Na farko, idan gociyar kaɗan ce ƙwarai, har bakin layukan suna haɗa wani sashe, yadda in ka tsaya a hannunka ka miƙe sitiyari za ka faɗa hannunka na ɗaya layin ba tare da ka juya hancin mota wajen masu tahowa ba. Wannan miƙewa ce. Na biyu, idan akwai danja, kuma layin tsayawa na masu babban titin an ja shi tun kafin bakin layukan biyu, aka ba masu fitowa daga layi nasu koren, aka zana musu kibiya ko ɗigo-ɗigon fenti da ke jagorantarsu zuwa ɗaya bakin. A nan hukuma ce da kanta ta haɗe wurin ya zama ɗaya, ta tsare maka motocin da za su same ka. Na uku, idan jami'i yana tsaye yana ba da hannu ya ce ka wuce, don umarnin mai ba da hannu yana gaba da allo da fitila. Amma wannan izini na lokacin ne. Ranar Juma'a ko ranar hawan Sallah akan rufe wani titi a karkatar da mutane ta inda ba a saba bi ba. Da jami'in ya tashi, hukuncin titin ya koma yadda yake. Mita 15 da ka ambata, tsawon ƙananan motoci uku ke nan jere da 'yar rara, ba ta shiga kashi na farko ko kusa.

Yanzu ga abin da ya fi tara muhimmanci, wato dalilin da ya sa wannan ɗan guntun wanwe ya fi dogo haɗari a wasu lokutan. Ka tsaya a bakin layinku da yamma ka kalli maƙwabcinka da ke son fitowa. Yana fuskantar kudu. Motoci daga hagunsa suke zuwa, don haka wuyansa a juye yake hagu, idonsa na kan wata farar bas yana jiran ta wuce, ƙafarsa ta riga ta fara sakin burki. Da bas ɗin ta gifta zai taka totur ya karya dama, kansa bai gama juyowa ba. Daman nan tasa kuwa ita ce daidai inda kai kake tahowa a karkace. Bai dube ka ba saboda a iya saninsa babu abin da zai fito daga can. Haka yarinya mai tallar gyaɗa da ke tsallakawa da faranti a ka, haka almajiri, haka dattijo mai sanda: duk gabas suke kallo. Kai kaɗai ne a wurin ka san kana nan.

Ga kuma lissafin masu tahowa. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa, wato kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan burki yakan ci daƙiƙa ɗaya da rabi, mita 21 ke nan ta tafi motar ba ta rage komai ba. Burkin kansa a busasshiyar kwalta da taya mai kyau yana buƙatar wata mita 14. Jimla mita 35. In kwaltar da yashi a kanta, kamar yadda gefen titunanmu yake bayan ruwa ya janyo ƙasa, ko tayar ta suɗe, sai abin ya ƙaru sosai. Kai kuma ba tsaye kake ba, kana matsowa wajensa, gudunka yana haɗuwa da nasa. Kuma da yake a karkace kake, ba bamba da bamba za ku haɗu ba, ƙofar gaba ta dama zai samu, inda matarka ko yaronka ke zaune. A adaidaita sahu ma babu ƙofar, gwiwar fasinja ce a wurin.

To ya za ka koma gida? Ka fito daga layin shago ka karya hagu, ka bi motoci yamma. Ka matsa hannun dama a hankali, ka shiga layi na farko da ya yi arewa. Ka sake karya dama a layin da ke bayan gidajen, wanda ya yi gabas, zai fito da kai kan layinku ta ciki. Ka fara bin sa da ƙafa ko ka tambayi 'yan unguwa, don wani layin ba ya ɓullewa, wani kuma kwalbatinsa ta karye. A mafi yawan unguwanni wannan zagaye bai wuce mita 500 zuwa 600 ba. A gudun kilomita 25 minti ɗaya da rabi ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha kamar cokali huɗu na cin abinci na fetur a wannan zagayen. In akwai wani layin kudu da ke fitowa gabas da bakin layinku, ya ma fi sauƙi: ka zagaya ta cikin unguwar shagon ka fito ta can, sai tsallakawarka ta zama irin ta safe.

Ita ma tsallakawar safen da ta halatta tana da yadda ake yin ta, kuma a nan ne ake yawan gogar juna. Kana fitowa daga arewa ka karya dama, hannun da ya fi kusa da kai shi ne na dama. Amma fitar da za ka yi ta hagu ce, kuma a titi mai hannu ɗaya mai karyawa hagu daga can gefen hagu yake yin kwanarsa, ba daga tsakiya ba. Ke nan dole ka ƙetare faɗin titin gaba ɗaya a cikin mita 15. Wannan tazara ba ta isa a shiga hannu ɗaya, a duba madubi, a ba da sigina, a sauya hannu ba. Saboda haka kada ka fito don hannun kusa ya yi sarari. Ka jira sai duka hannuwan sun yi sarari a lokaci guda, sannan ka tafi kai tsaye zuwa hannun hagu. Daga tsaye, wannan aiki yana cin daƙiƙa 5 zuwa 6, mai tahowa da gudun 50 kuma zai ci mita 70 zuwa 85 a wannan lokacin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ka zaɓi wata alama a gefen titi mai irin wannan nisa, falwaya ko allon wani shago, duk motar da ta riga ta wuce ta ka bar ta ta wuce ka.

In gociyar mai tsawo ce, mita 50 ko fiye, sai yadda ake tsallakawar ya sauya. Ka shiga hannun da ke kusa da kai, ka daidaita gudu da na mutane, ka kunna sigina, ka duba madubi, ka waiga ta kafaɗa saboda mai mashin da madubi ba ya nunawa, ka matsa hannu ɗaya-ɗaya. In ba a ba ka hanya ba har bakin layin ya zo, ka wuce shi ka zagayo. Kada ka tsaya cak a hannun dama kana jiran a buɗe maka, kada kuma ka yanko gaban mutane daga nan. Mafi munin duka shi ne wanda ya wuce bakin layi da 'yan mitoci sai ya sa ribas. Tafiya da baya a kan titi mai hannu ɗaya wanwe ce, duk da hancin motar yana kallon inda ya dace.

Sigina tana da wata matsala a irin wannan wuri da mutane ba sa lura da ita. Ka kunna ta dama ka fito. Da ka miƙe sitiyari, wani lokaci takan kashe kanta, wani lokaci kuma kwanar ba ta yi zurfin da za ta kashe ba. Sai ka karya hagu fitilar dama tana ta ƙiftawa, na bayanka ya ɗauka gefe za ka yi fakin, ya zo wucewa ta hagunka daidai lokacin da kake shiga. Da zarar tayoyin gaba sun hau babban titi ka mayar da siginar hagu da hannunka, kada ka jira ta. A adaidaita da mashin ma ba ta kashe kanta sam.

Sai batun inda ake kallo. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wuyan direbanmu ya saba da fara duba hagu in zai fito daga layi, don a titi mai hannu biyu daga nan motar farko ke zuwa. A titi mai hannu ɗaya wannan sabo yana yi wa rabin mutane daidai, yana yaudarar rabi. A misalinmu mai fitowa daga arewa motoci daga hagunsa suke. Mai fitowa daga kudu kuwa duka daga damansa suke, har da na hannun da ke dab da hancin motarsa. Baƙo a unguwa yakan duba hagu ya ga wayam, ya turo kai. Shawarata a Kano ita ce a duba inda motoci ke fitowa, a duba ɗaya gefen saboda masu wanwe, a sake duba na farkon, sannan a motsa.

Akwai wata surar kuma, inda babban titin hannu biyu ne, ƙaramin layin ne mai hannu ɗaya. In kana fitowa daga layi mai hannu ɗaya, faɗinsa duk naka ne: mai yin hagu ya tsaya gefen hagu, mai yin dama ya tsaya gefen dama. Haɗarin yana bayan tsallakawa. Mutum ya yi mita ɗari biyu yana tafiya a gefen hagu cikin kwanciyar hankali, ya tsallaka, ya shiga layin da ke gaba yana ganin ci gaban wancan ne, sai ya zauna a hagu alhali wannan hannu biyu ne. Kowane layi da ka shiga ka ɗauke shi sabo, ka kama damanka har sai ka tabbatar. Akwai allon gargaɗi na wannan, mai kusurwa uku da kibiyoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Haka nan layin da ke gaban naka yana iya zama mai hannu ɗaya da ke fitowa, ba mai shiga ba. A babban titi mai hannu biyu gociya ta kowace fuska tana halatta, sai dai wahalarsu ba ɗaya ba ce. In hagu za ka fara yi sannan dama, jiranka a bakin layinku kake yin sa, ba ka tare kowa ba. In dama za ka fara sannan hagu, jiran a tsakiyar babban titi yake, motoci na wucewa ta gefenka, wasu na tahowa ta gabanka. A nan ka tsaya dab da layin tsakiya, sigina a kunne, tayoyin gaba a miƙe. In ka riga ka karya su hagu aka buge ka ta baya, cikin masu tahowa za a tura ka.

Surar da ta fi yawa a Kano ma ba a kiranta titi mai hannu ɗaya. Ita ce tagwayen hanyoyi masu dakali a tsakiya, irin titin Zariya, titin Gidan Zu, titin BUK, titin Katsina da titin Haɗeja. Kowane ɓangare na irin wannan hanya titi ne mai hannu ɗaya, ko da allo ko babu. Layin unguwa yana fitowa, ƙofar da aka bari a dakalin don juyawa kuma ba ta yi saiti da shi ba. In tana gaba ta hannun dama, ka bi motoci ka matsa hagu ka juya. In tana baya ta hannun hagu, ko da mita 20 ce kana hangen ta, ba taka ba ce, taka tana gaba ko da sai ka kai shataletale ko ƙarƙashin gada. Dubi yadda ake yi da safe lokacin kai yara makaranta: ɗan sahu ya fito daga layi, ya manne da gefen kwata yana tafiya a hankali yana fuskantar motoci, yara shida a baya da jakunkunansu, sannan ya yanke hannu biyu ko uku a karkace ya nufi ƙofar. Yana isa ya tarar da wanda ya zo juyawa bisa ƙa'ida, su yi cirko-cirko, bayan adaidaitar yana kan hannun da aka fi gudu a kai. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 adaidaita ce ke ɗaukar yawancin mutanen gari, faɗinta kuma bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa mai ita yake ganin ko'ina zai shige. Fasinja yana da baki a nan. In ka ce masa "Malam, zagaya, ba na sauri," yawanci zai zagaya.

Mutum zai iya cewa me ya sa ba a daidaita layukan ba tun farko. Wani wurin tarihi ne. Lungunan cikin birni hanyoyin ƙafa ne da na jakuna tun kafin mota. A unguwannin awon igiya kuwa mai gona ya yanka filayensa ya fitar da layinsa, na tsallaken hanya ya yanka nasa, ba wanda ya dubi na wani. Sabon Gari da aka zana layukansa a miƙe ba ya cika samun wannan. Wani wurin kuma da gangan masu tsara hanya ke gocewa. A ƙirgensu, mahaɗa mai ƙafa huɗu tana da wurare 32 da hanyar mota ɗaya ke iya karo da ta wata, mai ƙafa uku tana da 9, biyu ke nan 18. Gociyar tana kuma hana mutum ya fito daga layi da gudu ya ratsa babban titi a miƙe. Wannan amfanin yana samuwa ne in an bi ta yadda aka tsara. Mai yankewa a karkace ya dawo da haɗarin da aka cire, ya ƙara da wanda babu shi a lissafi.

In da danja a wurin, abu biyu. Kada ka shiga ɗan tsakanin nan sai ka ga inda za ka fita. Mita 15 mota uku take ɗauka, ta huɗu bayanta yana toshe bakin ɗaya layin, tirela kuwa ita kaɗai ta cike wurin, kuma in za ta sha kwana sai ta buɗe zuwa ɗaya hannun, kada ka cusa kai ta cikinta. Na biyu, ka tabbata fitilar da kake kallo taka ce. A mahaɗar da ta goce sau da yawa kana hango fitila biyu, ta kusa da ta gaba, ta gaban ta yi kore taka tana ja. Ja tsayawa ce, sai in an kunna maka koriyar kibiya. In babu wuta a danjar, mai babban titi ne da hanya, mai fitowa daga layi ya jira.

Game da alamomi: jan da'ira mai sanda a kwance a tsakiya tana nufin ba a shiga. Shuɗin allo mai kusurwa huɗu da farar kibiya yana nuna titi mai hannu ɗaya da inda ya nufa. Shuɗiyar da'ira mai kibiya umarni ne, nan kaɗai za ka bi. Da'ira mai jan baki da lanƙwasasshiyar kibiya da aka soke tana hana karyawa ta wannan gefen. Sau da yawa allon ya faɗi, ko fastar 'yan siyasa ta rufe shi, ko rumfar mai shayi ta kare shi. Sai ka karanta titin kansa. In motocin da aka ajiye a gefe biyu duk waje ɗaya suka fuskanta, in alluna da fitilun danja bayansu kake gani, in kibiyoyin da ke kan kwalta duk kai suke nunowa, to kana kallon titin ta inda ba a shiga. Kada ka kafa hujja da mai mashin da ya shiga gabanka.

Wanda ya riga ya shiga bisa kuskure ya tsaya nan take, ya kunna sigina biyu, ya raɓe a gefen da ya fi kusa. Kada ya ƙara wuta don ya ƙarasa da sauri, kada ya yi ribas cikin mahaɗa a makance. Ya jira sarari, ya juya a ƙofar wani gida ko gidan mai, in da wanda zai tsaya masa ya duba hanya ya fi. Da dare ya rage fitila zuwa ƙasa don kada ya kashe wa masu tahowa ido. Mai keke shi nasa da sauƙi, ya sauka ya tura ta gefe kamar mai tafiya a ƙasa.

A kan kamun da aka yi maka, Malam, bin hannun da ba naka ba laifi ne a dokokin hanya na ƙasa da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke aiki da su, wadda aka kafa a 1988, laifi ne kuma a wajen KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa da jihar Kano ta kafa a 2012. A Legas abin ya kai ga kotu tana ƙwace motar a yi gwanjonta. In da gaske babu allo ko kibiya a bakin layin da ka fito, kuma titin ba mai dakali a tsakiya ba ne, wannan magana ce da za ka iya gabatarwa. Ka ɗauki hoton wurin daga inda direba ke zaune, ka kai ofis ko gaban kotun tafi-da-gidanka cikin ladabi, ba a bakin titi da ɗaga murya ba. Sai dai ka sani, mutumin da ke bin titi kullum da safe zai yi wuya a yarda bai san hannunsa ba. In tara ce ka biya inda aka tanada ka karɓi rasit.

In kuma kun ga mutanen unguwa da yawa suna faɗawa wannan, ku haɗu da mai unguwa ku rubuta wa hukuma takarda. Abin da za ku nema ƙayyadadde ne: shuɗiyar da'ira mai kibiyar hagu a bakin layin kudu, allon hannu ɗaya a tsallaken titi daidai inda mai fitowa zai kalla, kibiya a kan kwalta, da hana ajiye mota ko kafa teburin sana'a a cikin mita 10 daga kowane bakin layi, don mai fitowa ya hango gabas ba sai ya turo rabin motarsa kan titi ba.